Ranar da Mata Suka Daɓe Sinima

Gidanmu da sinimar garinmu bango ɗaya suka haɗa. Garin namu ƙarami ne, in ka baro Bebeji ka miƙi hanyar Tudun Wada za ka wuce shi kafin ka gama gyara zama a mota, kuma rabin mutanensa irinmu ne, waɗanda ruwan Tiga ya taso daga ƙauyukansu. Lokacin aikin dam ɗin ne wani ɗan kasuwa, wanda kowa ke kira Alhaji Mai Sinima, ya ga leburori sun cika gari ba su da wurin hira, sai ya gina musu gidan kallo. Kada ku zaci wani ƙaton gini ne mai rufi. Katanga huɗu ce ta ƙasa, sama ita ce rufin, bencina a baya, 'yan gaba kuwa a ƙasa suke baje. Bangon kudu ya fi sauran tsawo, an shafe fuskarsa da farar ƙasa, a jikinsa ake haska hoto. To, bayan wannan bangon shi ne katangar tsakar gidanmu. Hoto yana can wajen maza, murya tana nan wajenmu.

Mace ba ta shiga. Ba wanda ya taɓa yin shela a kai, amma kowa ya sani kamar yadda aka san ba a shiga masallaci da takalmi.

Babanmu masunci ne. Da yamma yakan dawo daga dam da kwandon tarwaɗa da karfasa, abin da bai shiga kasuwa ba sai a yi bandarsa. Bandar kuwa aikin kakarmu ce, Iya Tabawa, mahaifiyar Baba. Ana idar da isha'i za ta hura wuta a gindin bangon nan, ta ɗora raga a kan rabin duro, ta jera kifi, ta watsa ɓawon gyaɗa don hayaƙi ya tashi. Mu kuma sai mu kewaye ta, ni da ƙannena da Asabe 'yar maƙwabtanmu, kowa ya tura dankalinsa cikin toka yana gadi kada a yi masa musaya. Wayyo, ƙamshin nan! Har yau in na ji ƙaurin kifi a wuta, sai in ji ƙafafuna suna neman tabarma.

Iya 'yar firit ce, amma muryarta ta fi jikinta girma. Ba ta taɓa ganin fim ko sau ɗaya ba, duk da haka ba wanda ya fi ta sanin abin da ke faruwa a bayan bango. Tana juya kifi sai ta ɗaga yatsa.

"Ku yi shiru. Yanzu za a mari wani."

Kafin ta sauke yatsan sai mu ji tas! Maza su ɗauki ihu gaba ɗaya har bangon ya yi kamar yana rawa.

"Ban gaya muku ba? Duk wanda aka yi wa irin wannan kiɗan, mari ne rabonsa."

In kuwa aka sako waƙar Indiya, sai ta taɓe baki ta ce, "An shiga lambu, za a daɗe ana zagaye bishiya. Bari in ba ku tawa kafin su fito." Nan za mu matso har gwiwa na gugar gwiwa. Ita tana da nata salon buɗewa. Takan ce, "Ga wata nan tafe, ta gaji da hanya." Mu kuma mu amsa da ƙarfi, "Ta shigo, mun share mata wuri!"

Tatsuniyoyinta ba sa ƙirguwa, amma akwai ɗaya da muke roƙo kusan kullum, ta tsohuwa da ganuwa.

Wai an yi wani gari mai ganuwa, a gindin ganuwar akwai wata inuwa mai sanyi inda maza ke zaman hira tun hantsi har la'asar. Mata ba sa zama a wurin, ko wucewa za su yi sai sun rage tsawo. Ana nan, sai ganuwar ta tsage daidai inuwar. Ita kuwa ganuwar tana da baki. Kullum da safe sai ta ce, "Wayyo bayana! Wa zai shafa ni?" Maza su dubi juna su ce, "Shafe ai aikin mata ne." In aka kai wa mata magana su ce, "Wurin da ba a bar mu mu zauna ba, shi za mu je mu shafa? Wanda ya sha inuwa shi ya san bishiya." Haka aka yi ta yi, tsaga tana ƙara buɗewa.

Kura kuwa tana bayan gari. Kowane dare sai ta zo ta zura hanci a tsagar ta auna. A nan Iya takan toshe hancinta ta yi muryar kura: "Saura ƙiris. Gobe kaina zai shiga, jibi ƙuguna." In muka yi sa'a, daidai lokacin sai a harba bindiga a sinima, ƙannena su zabura su faɗa jikinta, ita kuma ta ce, "Kun ji ko? Haƙoranta ne take wasawa."

To akwai wata tsohuwa mai haƙori ɗaya da akuya ɗaya, bukkarta ce ta farko in an shigo ta tsagar. Ba ta je fada ba, ba ta yi wa kowa gori ba. Ta tashi da sassafe ta kwaɓa ƙasa a sakaina, ta tafi har inuwar maza ta durƙusa, ta fara shafe tana waƙa:

Ganuwa ba ki da uwa,
Ganuwa ba ki da uba,
Masu shan inuwarki sun gudu,
Mai akuya ɗaya ce ta zo.

'Yanmata za su rijiya suka ji waƙa ba amshi. Waƙa kuwa ba amshi kamar tuwo ne ba miya. Suka ajiye tuluna suka ce, "Mun zo, mun zo, Iya matsa mu taɓa!" Iyayensu suka biyo sawu da tsumagiya don su ji abin da ya hana ruwa zuwa, suka iske waƙa ta yi daɗi, suka yar da tsumagiya suka sa hannu a laka. Maza suka ga rana ta take ba a kawo abinci ba, suka waiwaya suka ga mata sun kai inda hannu ba ya kaiwa, kunya ta sa suka ɗauko tsani. Kafin magariba ganuwa ta koma sumul.

Kura ba ta sani ba. Ta riga ta sa wa ranta daren nan za ta ci akuya. Ta ja da baya, ta rufe ido, ta sheƙo a guje, ta gwabza hanci da ganuwa, ta faɗi zaune daɓas! Iya takan ce, "Shi ya sa har gobe in kun ga kura, bayanta a ƙasa yake, bai sake miƙewa ba. Na ajiye ta nan, mai so ya ɗauka, wanda ba ya so ya bar wa kaji."

Mukan yi dariya har dankali ya ƙone. Ni dai da yake bakina ba ya zama, wata rana na ce, "Iya, me ya sa tsohuwar ba ta je ta yi musu faɗa ba? Ni ce da sai na zage su tas."

Ta dube ni ta gefen hayaƙi ta ce, "Uwar magana, faɗa 'yan kallo yake tarawa, ba ya tara 'yan aiki. Mutane wurin daɗi suke zuwa, aikin a can yake kama su."

Wani daren kuma, da ta gama tatsuniyar ba ta yi dariya tare da mu ba. A sinima an yi wani abin ban dariya, maza suka kwashe gaba ɗaya. Ta ɗan saurara, ta ce, "Haka dandalin garinmu yake yi ranar kasuwa. Yanzu kifi ne ke wasa a wurin. Wa ya sani, ko wannan da nake juyawa a can aka haife shi." Sai ta juya kifin a hankali, ta ce mu tashi mu kwanta.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Iya ta rasu, Allah ya jiƙanta. Aka yi mini aure a bayan layinmu, na haifi 'ya'yana, mai gidana ya rasu, na dawo gidanmu na zauna a ɗakin Iya. Sinima kuwa mutuwar tsaye ta yi. Kaset ya fara rage mata mutane, gidajen kallon ƙwallo suka kwashe samari, waya ta zo ta ƙarasa sauran. Alhaji Mai Sinima ya rasu, aka garƙame ƙofa, ƙofar ma ta ruɓe ta faɗi. Tumfafiya ta fito a ciki, awakin unguwa suka mayar da wurin gidan kwana. Bangon nan namu ya tsage tun daga sama, har in na idar da sallar asuba nakan hango haske ta tsagar.

Bara, da zafi ya fara, ɗan marigayin, Alhaji Nasiru, ya zo daga Kano da masu awo. Labari ya cika gari cewa za a rushe sinima a jera shaguna. Wurin da ban taɓa takawa ba, amma sai na ji kamar an ce za a rushe ɗakin Iya.

Ɗan yayana Kabiru, mai gyaran waya a bakin tasha, shi ne shugaban ƙungiyar samarin gari. Suka taru suka je suka sami Alhaji Nasiru, suka ce ya bar musu wurin su raya shi. Sun ma samo wani ɗan majigi na zamani, bai fi kwanon sha girma ba, da sola yake aiki. Alhaji Nasiru ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne kawai. Ya ce, "Na ji. In kafin ruwan farko ya sauka na zo na tarar an gyara wurin yadda mutum zai zauna, na bar muku. In kuwa na tarar da kashin awaki, to bangon nan ba zai ga kaka ba, gara in rushe shi da hannuna kafin ya faɗa wa mutane."

Samari suka sare tumfafiya, suka kori awaki, daga nan aiki ya tsaya cak. Rana tana ƙara zafi, iska ta fara juyowa, ba abin da ya motsa. Ran nan Kabiru ya shigo wajena cin tuwo, fuska a murtuke.

"Gwaggo, abin nan fa ya gagara."

"Me ya gagara, ɗan nan?"

"Magina sun ce yaɓe ba shi da amfani in ba a gyara ƙasan wurin ba, don ruwa a gindin bango yake kwanciya yana cinsa. Siminti ya fi ƙarfinmu, sai dai a yi daɓe irin na da. Maza sun ce daɓe aikin mata ne. Na sa matata ta zaga gidaje, mata kuma sun ce wurin da iyayensu ba su taka ba, ba su ga abin da zai kai su ba. Wai waɗanda suka sha kallo su je su daɓe."

Wallahi ban san sa'ad da dariya ta ƙwace mini ba. Na yi ta yi har hawaye, ina dukan cinya. Yaro ya tsaya da loma a hannu.

"Gwaggo, lafiya? Maganar kuka ce fa."

"Ci tuwonka. Gobe da sassafe ka sa a kawo marmara, jar tsakuwar nan ta daɓe, a amalanke, a zube a cikin filin. Sauran ka bar mini."

Na tashi na je ɗakin Yaya Sule, mahaifinsa, don shi ne babba a gidan. Da na gaya masa, ya zare tabarau.

"Ladi, da girmanki? Sinima?"

"Yaya, da rana tsaka ne, kuma ba abin kallo a ciki sai ƙadangaru."

Ya yi murmushi ya ce zai sanar da mai unguwa. Na shiga rumbu na lalubo madaɓin Iya, wani guntun icce mai faɗin baki, hannunsa ya yi santsi don daɗewa. Na jiƙa ɓawon ɗorawa a randa don a sami makuba, ruwan nan ja da ake yayyafa wa daɓe ya yi tauri, ruwan sama ya kasa cinsa. Sannan na leƙa ta katanga na ƙwala wa Asabe kira, ita ma a gidansu tsufa ya same ta.

"Gobe ki ɗaura ɗamara, za mu sinima."

"Inna lillahi! Ladi, zafin nan ne ya taɓa ki?"

"Ki dai zo da madaɓi."

Washegari muka tsaya a ƙofar, ni da ita, kowa tana tura 'yar'uwarta. Na ce bismillah, na sa ƙafar dama. Jama'a! Ashe haka wurin yake da faɗi! Na ɗaga kai na ga bangon, farar ƙasarsa ta dushe, tsaga ta raba shi biyu, amma yana nan tsaye da kwarjininsa. Tun ina goye nake jingina da bayansa, ban taɓa ganin fuskarsa ba.

"Sannu, maƙwabci," na ce. "Ashe haka kake."

"Ke, da bango kike gaisawa?" in ji Asabe.

"Ya riga ki sanina."

Muka baje marmara daga gindin bango, muka yayyafa ruwa, muka durƙusa muka fara bugu. Tim, tim, tim. Tsofaffi biyu a wannan fili, kamar ƙudaje biyu a kan faifai. Ba mu yi nisa ba Asabe ta miƙe tana riƙe da ƙugu.

"Ladi, in haka za mu yi, sai an yi girbi ba mu kai tsakiya ba."

Na gyara murya, na saki waƙar tsohuwa, sai dai na sauya mata riga:

Sinima ba ki da uwa,
Sinima ba ki da uba,
Masu hula sun sha kallo sun gudu,
Masu ɗankwali ne suka zo.

Asabe ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, don ita ma ta sha zaman gindin wutar nan. Ta durƙusa ta amsa da wannan muryar tata mai tsaga kunne: "Mun zo, mun zo, Iya matsa mu taɓa!" Ashe wurin an gina shi ne don ya ɗaga murya. Katangu huɗun nan suka ɗauki waƙarmu suka watsa ta cikin unguwa.

Na farko 'yanmata ne da suka fito daga injin markaɗe, suka leƙo da robobi a ka. Suka tsaya suna dariya, kafin a jima ƙafa ta fara bin kiɗan madaɓi, sai ga amshi ya ƙaru. Uwar ɗaya ta biyo ta da faɗa, wai tun ɗazu ana jiran markaɗe. Ta tsaya ta kalle mu ta ce, "Haba Yaya Ladi, ai ba haka ake jera bugu ba, kin bar rami a bayanki. Ba ni nan." Ta karɓe madaɓin Iya daga hannuna, ba ta sake tuna markaɗe ba. Kafin hantsi ya yi zafi, mata sun yi sahu daga wannan katanga zuwa waccan. Wadda ba ta da madaɓi ta zo da guntun taɓarya, wata da muciya. Tsofaffin da rabonsu da daɓe tun bikin 'ya'yansu na fari, suka zauna a inuwa suna tafi suna gyara mana. Yaran yanzu da suka tashi a kan siminti suna ta tambaya yadda ake riƙewa. Guɗa kuwa kamar ana kai lefe.

Da waƙa ta yi zafi, habaici ya shigo, don ba a daɓe ba habaici. Matar sarkin magina ce ta jefa nata:

Mai gidana gwanin kallo ne,
Da aka ce tsani ya ce bayansa.

Mata suka ɗauka gaba ɗaya. Ashe mazan suna bakin ƙofa wajen mai shayi, suna ji. Aka ce mai shayi har ya zubar da madara don dariya. Can sai ga sarkin magina ya shigo fuu, ya naɗe ƙafar wando.

"Ba za a mayar da ni waƙa a garin nan ba! Kabiru, ina tsani? Ku kwaɓa ƙasa!"

"Sannu da zuwa, mai ciwon baya," in ji Asabe.

"Ke Asabe, ki kiyaye ni, na san ki tun kina tallan gyaɗa."

Aka kafa tsani. Maza a sama suna cike tsaga suna yaɓe, mata a ƙasa suna bugu, samari suna jigilar marmara da ruwa a baro, masu abinci suka kafa tukwane a waje. Ba a rana ɗaya aka gama ba, mun kwashe kwanaki. Kowace yamma hadari yakan taso daga wajen duwatsun Doguwa, baƙi ƙirin, ya yi ta gurnani, mu ɗaga kai mu ce, "Allah ka ba mu gobe." Sai iska ta kore shi. Muka yayyafa makuba muka sake bugu, muka ƙara yayyafawa, har ƙasan ya yi ja yana sheƙi. Daga ƙarshe muka dama farar ƙasa, muka shafe fuskar bangon da tsumma, inda hannu bai kai ba samari suka ƙarasa. Ya fito fari tas kamar an yi masa ɗinkin salla.

Kabiru ya buga wa Alhaji Nasiru waya. Ya iso da la'asar, muna zaune muna shan kunu, kowa jiki duk farar ƙasa. Ya zo zai shigo da sauri, ya dubi ƙasan, ya tsaya. Sai ya sunkuya ya cire takalmi ya riƙe a hannu. Ya taka a hankali har gaban bangon, ya dafa shi, ya daɗe bai juyo ba.

"Yaya Ladi, an ce ke ce kika tayar da wannan rigimar."

"Ni waƙa kawai na yi, Alhaji."

"Rabon da in ga bangon nan haka tun Baba yana ɗora ni a kafaɗa." Ya share ido da gefen babbar riga. "Na bar muku. Amma da sharaɗi. Ginin ƙasa ba ya son a manta da shi. Duk shekara kafin damina a yi masa abin da aka yi bana. Shekarar da aka fasa, maganata ta farko tana nan."

"Mun ji naka," na ce. "Saura namu."

"Au, ku ma da naku?"

"Hannun da ya daɓe, idonsa zai kalla. Daren Alhamis na mata ne da yara. Namiji ko ɗaya ba ma so, sai mai kunna inji, shi ma ya kalli injinsa."

Mata suka rangaɗa guɗa. Alhaji Nasiru ya yi dariya ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a kai wa manya. Mai unguwa da liman suka zauna a kai, suka ce ba laifi, in dai za a duba abin da za a haska tukuna, kuma a tashi da wuri.

Alhamis ɗin farko, kai! Tun la'asar ake wanka ana shafa hoda kamar za a biki. Kowa da tabarmarta, da goyonta, da ƙullin gyaɗarta. Muka cika filin maƙil. Kabiru ya kunna ɗan majiginsa, haske ya faɗa a bangon, aka yi tsit. Ashe ja'irin yaron nan ya ɗauke mu a waya muna daɓe, shi ya fara sakawa. Sai ga Asabe a bango, baki a buɗe ya kai girman ƙofar zaure, tana "Mun zo, mun zo!" Wurin ya kece da dariya gaba ɗaya. Na sha jin irin wannan dariyar ta bayan katanga, ban taɓa sanin cewa in kana cikinta har a ƙirji take dukanka ba. Ana tsakiyar fim ɗin Hausa da ya biyo baya, ruwan farko ya sauko. Kabiru ya rungume injinsa ya ruga, mu kuwa muka tsaya cikin ruwan muna kallon ƙasa. Ruwa yana zuba, yana gangarewa ta magudana kamar a kan faranti, ko cokali bai kwanta a gindin bango ba.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan labarin ƙugun kura ce. Da na yi wayo sai na ɗauka habaici ne Iya take yi wa mazan da ke ihu a bayan bango. Yanzu da na kai shekarunta, ina ganin ba haushinsu take ji ba. Ita ta san yadda gari yake zama in ya rasa wurin taruwa, nata dandalin ruwa ya ci tana gani, ba yadda za ta yi. Dandalin da aka samu a sabon gari, wato sinimar nan, ba a ba ta wurin zama a ciki ba, amma duk da haka so take ya tsaya. Kurar ma na gane ta. Ba Alhaji Nasiru ba ne, ba shagunansa ba ne. Zaman nan ne na kowa yana jiran wani ya fara, kowa kuma da hujjarsa mai kyau. Maza ba su yi ƙarya ba, mata ma ba su yi ƙarya ba, kuma da gaskiyar tasu bangon zai faɗi.

Abin da tatsuniya ba ta faɗa ba, sai da na gani da idona, shi ne ba a shafe sau ɗaya a huta. Ga shi zafi ya sake zagayowa, iska ta fara juyawa, na ga 'yar siririyar tsaga a kusurwar sama. Ɓawon ɗorawa yana randa tun shekaranjiya, ruwan ya fara ja. Ɗazu Asabe ta aiko jikarta wai a gaya mini bana gwiwarta ta ƙi, ba za ta iya durƙuso ba. Na ce a koma a ce mata masu gwiwa sun yi mana yawa. Ta zo da bakinta, kujera tana jiranta a inuwa.